Fatar da Na Ƙi Yankawa

Kun zo da wayoyinku kuna ta ɗaukata hoto, ɗayanku har yana cewa in an ba ku hutu za ku zo ku koyi haɗa ganga kafin a koma makaranta. To madalla. Ga fatar akuya can a cikin baho, tun shekaranjiya take jiƙe. Wanda ya iya tsugunawa a kanta ya kankare gashin bai toshe hanci ba, bai kuma huda ta ba, shi zan fara kira ɗan koyo. Sauran ku samu benci ku zauna, tunda kun ce labarin sana'a kuke so. Kuma ku bar nuna waccan busasshiyar fatar da ke rataye a bango kuna ƙunshe dariya. Na san ta fashe, na san ko takalmi ba za ta yi ba. Ita ce ta fi komai daraja a rumfar nan, kuma za mu zo kanta.

A Wurma aka haife ni, ƙasar Kurfi, a gidan makaɗa. Mahaifina gangar noma yake kaɗawa. In ana gayya shi ke bin bayan manoma da ganga a kafaɗa, yana kiran kowa da sunan kakansa, sai ka ga ƙato ya manta da ciwon baya yana ta zuba noma kamar ba gobe. Ni kuwa Allah bai ba ni hannun kiɗa ba. Baba ya saurare ni har ya gaji, ya ce, "Sale, kiɗan nan naka ko kaza ba ta taka mishi rawa. Zo ka koyi ɗauri, ko ka samu na tuwo." Haka na zama mai haɗawa, ba mai kaɗawa ba. Ban taɓa jin haushi ba, domin makaɗi komai sunansa sai ya zo ya durƙusa a gaban mai ɗauri.

Na daɗe ban taɓa ganga ba. Tsarkiya kawai nake yanka, wato igiyar fata da ake jan bakin ganga da ita. A ba ka ƙirgi, wato busasshiyar fatar saniya, ka bi shi da wuƙa zagaye-zagaye, ka fitar da igiya ɗaya doguwa wadda kaurinta bai canza ba daga farko har ƙarshe. Inda ta yi siriri nan za ta tsinke ranar biki, a gaban jama'a, kuma sunan gidanku za a kira. Daga nan aka ƙara mini kankarar fata, sannan huda da basilla, sannan ja. Ja shi ne aikin. Ka taka ganga da ƙafa, ka naɗe tsarkiya a hannu ka ja, ka zagaya, ka sake ja, har tafin hannunka ya tsage ya warke ya sake tsagewa. Ku dubi nawa. Ba cuta ba ce, takardar shaidata ke nan.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su: wuƙa, basilla, ɗan gizago na gyaran baki, toka da man shanu. Icen kuwa masassaƙi ke fafe shi, ni nawa in ƙwanƙwasa in ji ko ya bushe. Amma akwai abu biyu da Baba ya bar mini waɗanda ba a samu a kasuwa. Na farko, ba a gama ɗaurin ganga sai wanda zai kaɗa ta ya zo ya zauna. Yana bugawa kana ja, yana bugawa kana sassautawa, har ta yi muryar da hannunsa ke nema. Gangar da aka ɗaure ba mai ita a wurin, rigar aro ce. Na biyu, ba a sa wa fata wuƙa tana da sauran magana. Baba yakan ce dabba ta riga ta ba da ranta sau ɗaya, ba a yanka ta sau biyu. In fata ta gaji ita za ta faɗa da bakinta, ta fashe a hannun makaɗi. Kafin wannan rana, ko wa ya aiko ka ce ya yi haƙuri.

Da na dawo Dutsin-Ma da zama, sana'ar ta fara ja da baya. Gayya ta mutu, maganin feshi ya karɓe aikin samari. Masu biki suka koma hayar lasifika. Masu wa'azi kuma suka sa kiɗa a gaba, har wanda kakansa ya ci abinci da ganga ya fara kau da kai in zai wuce rumfata. Abin da ya rage mini sai kalangun mahauta, da 'yan dambe in kaka ta yi. Ana cikin haka, wata safiya wani siririn mutum ya jingine keke a bakin rumfa, da fasasshiyar ganga ɗaure a baya. Ya yi sallama da Hausar da ta fi tawa, ya ce sunansa Yohanna, malami ne a makarantar Kirista da ke bayan gari, inda ake horar da masu wa'azinsu da fastoci. Ya tambaya ko ina yi wa coci aiki. Na ce ni ganga nake yi wa aiki.

Daga ranar muka ƙulla. Shi ya yi ta hawa har ya zama Rabaran, ya zama shugaban makarantar, ya bar keke ya koma wata tsohuwar a-kori-kura. Ta hannunsa coci-cocin ƙauyuka suka san ni. Maƙwabta sun yi magana, ba su fasa ba. Nakan ce musu maɗori ba ya tambayar karyayyar ƙafa ko masallaci take zuwa. Ban taɓa barin sallata saboda gangar kowa ba, kuma Rabaran in ya tarar ina salla yakan tsaya a waje har in sallame.

Babbar gangar makarantar ni na haɗa ta tun daga ice. Alilliba ce, wani masassaƙi a Karofi ya fafe ta, na rufe ta da fatar ɗan maraƙi. Ɗalibai suka sa mata suna Goggo, wai in ta yi magana kowa sai ya yi shiru. Duk wanda aka ba riƙon Goggo sai ya zo ya zauna a bencin nan, domin ban sassauta dokar Baba don su ba. Ɗaliban nan ba yara ba ne irinku. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne, Hausawa, wasu da matansu da 'ya'yansu. Kuma mutum in hannunsa yana kan fata bakinsa ba ya rufuwa. Na ji labarin jarrabawa, na ji na neman aure, na san malamin da ke rowar maki. Ko ba su faɗa ba ma, ganga tana faɗa mini. Shekarar da zuciyarsu ke da zafi a ibada, fata ba ta daɗewa. In na ga Goggo ta daɗe ba ta zo ba, na san akwai magana.

Cikin duk waɗanda suka zauna a nan, Danjuma ne ya fi wahalar da ni. Magidanci ne daga wani ƙauye can yamma, bakin daji, gajere mai faɗin hannu. Ranar da muka ɗaura wa Goggo sabuwar fata, tun hantsi muke abu ɗaya har la'asar ta gota. In ja, ya buga, ya karkata kai ya ce, "Baba, da hanci take magana." In sassauta, ya ce, "Yanzu kuma barci take ji." Na ce masa in ya ƙara cewa uffan fatarsa zan ɗaura a kai. Ya yi dariya ya ce, "Ƙara ja kaɗan ta wajenka." Na ja. Ya ɗaga gula, sandar kiɗa, ya sauke sau ɗaya ya danne da tafin hagu, sai da na ji abin a haƙarƙarina. Mai shayin tsallaken titi ya bar tukunyarsa ya leƙo. Yadda yake danne fatar da hagun nan, ga zufa ga man shanu, kafin shekara ta zagayo hannunsa ya fito a jikinta baƙi ƙirin, har yatsu ana iya gani.

Sai muguwar shekarar ta zo. Ba sai na ba ku labarin 'yan bindiga ba, a cikinsa kuka girma. Ba su tambayi addinin kowa ba, mu ma mun binne namu. Amma ƙauyukan da ɗaliban nan suka fito su ne a bakin wuta, kusan kowa a makarantar yana da wanda aka kashe ko aka tafi da shi. Aka shiga ƙauyen su Danjuma aka kora mutane daji, har da mahaifiyarsa. Makaranta duka ta ɗauki azumi da addu'a. Safe da yamma muna jiyo Goggo daga nan, ba ta taɓa yin ƙara irin ta lokacin ba. Suka roƙa, suka roƙa. Daga ƙarshe tsohuwar ta kasa tafiya aka yar da ita a hanya, gawarta aka samu. Direbobi duk suka ƙi bin hanyar. Rabaran ne ya tada a-kori-kurarsa, daga shi sai Danjuma, suka je suka ɗauko ta. Ku riƙe wannan, kada in na ci gaba ku ɗauka mugun mutum ne.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin, wani baƙon mai wa'azi ne da aka gayyato don ya ƙarfafa musu zuciya. Ya miƙe a gabansu ya ce Ubangiji ba ya ƙin amsa addu'a, in ba a amsa ba to a cikin masu roƙon akwai mai raunin bangaskiya. Ya faɗi haka ga mutanen da ƙasar kabarin iyayensu ba ta bushe ba. Ya ci abinci ya hau mota ya tafi, ya bar su suna kallon juna.

Daga nan suka fara zuwa rumfata ba ganga a hannu. Su zauna a bencin nan, can sai ɗaya ya ɓalle da magana. Wani ya ce shi yanzu in an ce a rufe ido a yi addu'a, rufin ɗaki yake kallo. Wani ya ce ya yi tambaya a aji an ce ya je ya ƙara azumi. Wani ya ce yana zaune ne kawai don kada babansa ya ji kunya a ƙauye, amma in ya buɗe Littafin ba ya ganin komai sai baƙaƙe. Wasu sun tattara sun tafi ba sallama. Ɗaya ya taɓa tambayata, "Baba, ku a naku, in kun roƙa ba a ba ku ba, mi kuke cewa?" Na ce mukan ce Allah ya fi mu sani, sannan mu shiga ɗaki mu yi kuka kamar kowa. Ban da wannan ba ni da abin ba su sai inuwa da ruwan randa. Na ji tausayinsu ba kaɗan ba. Mutum ya rasa abin da yake jingina da shi ba abin murna ba ne, ko da kai ba da shi kake jingina ba.

Maƙwabcina Alhaji Mamman mai hatsi ya lura da su. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam Sale, ga lada har ƙofar gida. Ka jawo su mana, tunda nasu ya sake su." Na ce, "Alhaji, wanda gidanshi ke cin wuta ba a tare shi da tallan tabarma. In wani ya tambaya da bakinshi, ga liman can. Ni ban kafa tarko a rumfata ba." Ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata, ni kuma ban rame ba.

Danjuma shi bai iya ɓoye-ɓoye ba. Ya je ofishin Rabaran ya faɗa masa a fili cewa abin ya fita daga zuciyarsa, ya nema ya rasa, kuma ba zai tsaya gaban jama'a ya yi wa'azin abin da ba ya ji ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya ci gaba da kaɗa Goggo, domin matan da aka kashe wa maza in suna waƙa suna samun sauƙi, shi kuma hannunsa bai manta ba. Rabaran ya ce ba zai yiwu ba, gangar sujada ba ta wanda ya juya baya ba ce. Danjuma ya ajiye gula a kan tebur, ya kwashe iyalinsa ya koma bakin ruwan Zobe, ya shiga cikin masunta.

Sai ɗalibai suka yi abin da ba wanda ya shirya. Ba su yi bore ba, ba su fasa taga ba. Kawai ba wanda ya yarda ya taɓa Goggo. A kira wannan ya ce yatsa ke ciwo, a kira wancan ya ce bai iya ba, alhali a bencin nan na ga iyawarsa. Tana nan a gaban majami'a da baƙin hannun Danjuma a fuskarta, duk wanda ya shigo sai ya kalle shi. Masu sauran bangaskiya da waɗanda tasu ta tafi, a kan wannan bakinsu ya zo ɗaya.

Wata rana da hantsi a-kori-kura ta tsaya a nan. Rabaran ya sa aka sauke Goggo, ya sallami masu saukewa. Ya rame, idonsa ya faɗa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Sale, fatar ga nike so ka cire ka sa sabuwa."

Na ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta amsa garau. Na ce, "Rabaran, mi ya same ta?"

Ya ce, "Ba abin da ya same ta. Hannun nan nike so ya tahi. Muddin suna ganin shi ba mai kaɗa ta, kuma makaranta na watsewa a hannuna."

"To wa zai zauna in na ɗaura sabuwar?"

Ya ce, "Kai dai ka ɗaura, mai zama zai samu."

Na ce, "Ka san ba ni ɗauri ba mai zama. Kuma ka san ba ni sa wuƙa ga fata mai magana. Duk zaman da muka yi da kai, ka taɓa ganin na yi?"

Ya ce, "Wanga ba maganar al'adar gidanku ba ce, Malam Sale. Maganar rayukan mutane ce. Kai ba ka cikin addinin nan, ba ka san nauyin da ke kaina ba."

Na ce, "Gaskiya ne, ban sani ba. Addininku naku ne, ka kori wanda za ka kora, ba ni da baki. Amma fata aikina ce. Yaron nan bai yi maka ƙarya ba. Da ya yi maka ƙarya da yanzu yana nan yana kaɗawa kana jin daɗi. Ba zan sa wuƙata in goge shi kamar bai taɓa zama a nan ba. Ga wuƙa, in kana iyawa ka yanka da hannunka."

Na miƙa masa ita ta wajen ƙota. Raina a ɓace yake. Ya dubi wuƙar, ya dubi hannun da ke jikin fatar, ya daɗe. Bai karɓa ba. Ya ce, "To ka riƙe ta. Kuma daga yau ba ni ba kai a kan aiki." Ya shiga mota ya tafi, ya bar Goggo a tsakar rumfa.

Ya kuwa cika maganarsa. Makaranta ta sayo ganguna masu fatar roba da abin kiɗa mai aiki da lantarki. Coci-cocin ƙauye da suka zo ta hannunsa suka koma ta hannunsa. Na sha wuya. Da rani na je ƙwadago a gonakin tumatir, da furfurata, ina ɗaukar kwando tare da sa'annin jikokina. Na koma ɗinkin takalma da kuben wuƙa. Alhaji Mamman, da muka shirya, ya ce, "Kai dai taurin kai zai kashe ka. Ka ɓata da mu saboda su, ka ɓata da su saboda fatar maraƙi." Na ce gara taurin kai ya kashe ni da a ce ɗan gidan makaɗa ya yanka fata mai rai don ya ci tuwo. Masu son saye sun zo, har da wasu 'yan wasa daga birni, na ce ba tawa ba ce, ajiya ce. In sanyi ya shigo in shafe ta da man shanu, in damina ta yi in fito da ita ta sha rana, in mai da ita kan duwatsu don kada gara ta hau.

Shekaru suka tafi a haka. Makarantar ba ta watse ba, ta dai rage. Cikin ɗaliban waccan shekara wasu sun dawo kan bangaskiyarsu har sun zama fastoci, wasu sun koma noma da kabu-kabu ba su sake taka majami'a ba. Ni da Rabaran mukan haɗu a kasuwa, mu gaisa a tsaitsaye kamar surukai. In zai wuce sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tana nan?" In ce, "Tana nan." Iyakar zancenmu ke nan har ya yi ritaya, har ƙafa ta hana shi fita. Danjuma kuwa yakan biyo mini da kifi in ya kawo kasuwa. Ya zauna ya ba Goggo baya, mu yi hirar ruwa da tsadar raga. Bai koma coci ba, bai shiga masallaci ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba.

Ranar da aka ce Rabaran ya rasu, na rufe rumfa na zauna a gida. Washegari da safe na zo buɗewa, na tarar da Danjuma tsugune a ƙofa, ba kifi a hannu. Ya ce, "Baba, yau za a binne shi. Ka ba ni ita."

Na ce, "Shi fa ya raba ka da ita."

Ya ce, "Shi ne. Kuma shi ne ya tahi da ni muka ɗauko Inna ranar da ba mai zuwa. Ban dawo ba, Baba, kada ka ɗauka na dawo. Abin da na faɗa mishi a ofis har yau yana nan. Amma ba za a sa shi ƙasa da gangar roba ba."

"Fatar ta tsufa. Ba lalle ta kai ƙarshe ba."

"Ta kai inda ta kai."

Muka fito da ita rana ta yi ɗumi. Ya zauna a bencin nan, ya aza tafinsa a kan tsohon tabon, ya hau daidai. Yana bugawa ina ja a hankali, ina tsoron kowace tsarkiya. Wannan karon bai ce da hanci take magana ba. Muka ɗora ta a keke mai ƙafa uku, na sa hulata mai kyau na bi shi.

A ƙofar makaranta wani matashin fasto ya tare mu. Ya san labarin, ya ce ba zai bari wanda ya bar bangaskiya ya yi kiɗa a jana'izar bawan Allah ba. Na buɗe baki zan ba shi amsar da ta dace da shi, sai ga Mama, matar marigayin, an riƙo ta. Ta dubi Goggo, ta dubi Danjuma, ta ce wa faston, "Ɗana, matsa ka ba su hanya. Duk ranar da ya dawo daga kasuwa sai ya ce mini, na tambayi Malam Sale, tana nan. Kai ka ɗauka don mi yake tambaya?"

Ni ban shiga ba. Na tsaya a gindin darbejiya a bakin shinge, inda nake hango su. Na ga tsofaffin ɗaliban waccan shekara, masu farar kwala a wuya da masu rigar kabu-kabu, duk a wuri ɗaya. Da aka ɗauko akwatin mata suka ɗauki waƙa, Danjuma ya sauke gula a kan Goggo. Na daɗe ban ji muryar nan a cikin waƙa ba. Na zauna a kan saiwa na yi kuka, ni da ban yi kuka ranar da na rasa cinikinsu ba. Danjuma ya raka Rabaran da ita tun daga majami'a har bakin kabari. Ana cikin zuba ƙasa, waƙa ba ta ƙare ba, na ji ƙarar da kowane mai ɗauri ya sani. Fatar ta tsage, daga gefe har gindin babban yatsa. Matan ba su tsaya ba, suka ƙarasa waƙar da tafi.

Da la'asar ya kawo ta nan a kafaɗa, wasu sababbin ɗalibai suna biye da shi suna gardamar wanda zai zauna. Ya sauke ta a inda Rabaran ya taɓa sauke ta, ya ɗauko wuƙar daga inda take rataye, ya miƙo mini ta wajen ƙota. Ya ce, "Baba, yanzu ta faɗa da bakinta. Yanka."

Na yanka. Ga ta can a bango, ku matsa ku duba, yatsun suna nan. Wanda ya gama dubawa a cikinku, baho yana jiransa.